Ɗanyen Fenti a Filin 'Yan Masaƙa

Sufeto bai gama shan shayinsa na safe ba Saje ya leƙo ofis, hularsa a hannu.

"Yallaɓai, an tsinci gawa a filin ƙwallon 'Yan Masaƙa."

"Ta wa?"

"Ta Ciyaman. Shugaban kulob ɗin."

Sufeto ya ɗago kai ya dube shi. Saje ƙato ne, ya ɗauki gawarwaki ba adadi bai taɓa ko yamutsa fuska ba, amma yau idanunsa sun kaɗa. A unguwar aka haife shi, kuma duk caji ofis an san ranar wasan 'Yan Masaƙa ba a samunsa a bakin aiki, kullum sai ciwon ciki ya kama shi.

A mota Saje ya yi ta bayani ba a tambaye shi ba.

"Hukumar gasa ce ta yi wa rukuni na biyu garambawul. Wai kulob-kulob sun yi yawa, wai masu talabijin ba sa son tsoffin filayen unguwa. Za a zubar da rabi. Ko dai ka haɗe da babban kulob na cikin gari su haɗiye sunanka, ko filinka ya ci jarrabawar kwamiti. Yau da la'asar kwamitin zai zo duba namu."

"Namu?"

"Nasu, yallaɓai."

"In ba a duba yau ba fa?"

"Shi ke nan. Ba sa zuwa sau biyu."

Sufeto ya gyaɗa kai. Ƙwallo ba ta gabansa, kuma gaskiya ba ƙwallo kaɗai ba. An daɗe rabon da wani abu ya taɓa shi. Matarsa ta gaji da mita, ta ce ko gidansu ne ya kama da wuta, sai ya fara tsayawa yana tambayar wa ya gani.

Filin yana bayan tsohuwar masaƙar da aka rufe tun Saje yana yaro. Ma'aikatanta ne suka kafa kulob ɗin. Masaƙar ta mutu, shi ya ƙi mutuwa. An yanke ciyawa, an ja fararen layuka, an share wurin zaman 'yan kallo. Mutanen unguwa sun taru a ƙaramar ƙofar da ke bayan raga, ba mai kuka, ba mai magana.

Gawar tana ƙasan matakalar siminti, ƙeyar a jikin tsohuwar rolar ƙarfe da ake daddale fili da ita. Likita ya riga su zuwa.

"Tun jiya da faɗuwar rana ya rasu," in ji shi. "Daga sama ya faɗo da baya. Ƙeyar ce ta fashe."

Sufeto ya tsuguna. Ciyaman dattijo ne siriri, sanye da shuɗiyar riga mai guga. A kwalar rigar, dama da hagu, akwai shatar yatsu farare, manya-manya. Ya ɗaga hannun marigayin ya shinshina. Warin kananzir. An wanke hannun tas, sai ɗan farin fenti da ya maƙale a ƙarƙashin farata.

"A zagaye filin da igiya," ya ce. "Kar kowa ya shiga."

Saje ya tafi ɗauko igiya.

Wanda ya tsinci gawar shi ne mai kula da filin, wani gajeren tsoho da ake kira Mai Ciyawa. Ya zo yana dafe da ƙugu.

"Baba, yaushe ka gan shi?"

"Da na buɗe ƙofa da safe, ranka ya daɗe. Zamewa ya yi. Matakalar nan ta sha kayar da mutane, bakinta a gutsure yake. Ka rubuta hatsari ne, a cire igiyar nan kafin baƙi su zo. Shi ma da zai iya magana abin da zai roƙe ka ke nan."

"Wa ya yi fentin turakan raga?"

"Ni."

"Yaushe?"

"Jiya da yamma."

"Farin da ke kwalar rigarsa fa?"

"Ƙila jingina ya yi da turke."

"Da wuya yake jingina?"

Mai Ciyawa ya dubi ƙasa, ya ce shi dai abin da ya sani ke nan.

A kan bencin 'yan wasa wani dogon mutum yana zaune, furfura ta cinye kansa, hannuwansa duka biyu a aljihun rigar sanyi, ga rana ta fara zafi. Saje ya rage murya.

"Maganaɗisu ke nan, yallaɓai. Tsohon golanmu. A zamaninsa ƙwallo da kanta take zuwa hannunsa. Yanzu shi ke koyar da masu tsaron raga. Tare suka taso da Ciyaman, aji ɗaya, layi ɗaya."

Sufeto ya ƙarasa ya yi masa ta'aziyya.

"Yaushe rabonka da shi?"

"Jiya da rana, da aka tashi atisaye."

"Ba ka dawo ba?"

"Ina gida."

Bai ɗago kai ba, bai kuma fito da hannu ba ko don gaisuwa. Sufeto ya bar shi, ya taka zuwa ragar da ke kusa da ƙaramar ƙofa.

Fentin turakan sabo ne, ya fara bushewa, in ka danna da yatsa sai ya ɗan yi danƙo. Amma a wurare uku jiƙe yake sharkaf, har yana ƙyalli: ɗaya a turken hagu, ɗaya a na dama, ɗaya a tsakiyar sandar sama. A ƙarƙashin sandar, ƙafafun kujera sun lotsa ciyawa. Ya je ɗaya ragar ya duba, babu irin wannan.

"Saje, me zai sa a sake shafe wuri uku kawai da safen nan?"

Saje ya dubi hagu, ya dubi dama, ya dubi sama.

"Ban sani ba, yallaɓai."

Sun daɗe suna aiki tare, bai taɓa yi masa ƙarya ba sai yau. Sufeto ya lura da hakan kamar yadda ya lura da shatar kujera, bai ji haushi ba.

Ofishin kulob ɗaki ne guda a ƙarƙashin wurin zaman 'yan kallo. Tebur, fanka da ba ta juyawa, kofuna da suka dushe a kan kanta. A jikin ƙusa an rataye tsohuwar riga da wando duk ɗigon farin fenti. A lungu ga gwangwanin fenti, ga burushi har yanzu da danshi.

A nan ya sami matar marigayin zaune, mayafinta ya rufe rabin fuskarta. Ba ta kuka. Hannunta a kan gwiwa, tana kallon kayan da ke jikin ƙusa.

"Hajiya, sai haƙuri. Waɗannan kayansa ne?"

"Nasa ne. Na sha cewa zan yar da su, ya hana."

"Bai kwana a gida ba, ba ki nema ba?"

"In babban abu ya taso nan yake kwana, a kan tebur ɗin nan. Na saba. Na auri mutum, na tarar fili ya riga ni."

"Me ya ce miki da zai fito?"

"Ya ce ciwon baya ya kama Mai Ciyawa, ya sallame shi ya je ya kwanta, shi zai yi fentin raga da kansa. Na ce da shekarunka za ka hau kujera? Ya yi dariya, ya ce in kwamiti za su kashe kulob ɗin, to su same shi da kwalliyarsa."

"An ce ana maganar haɗewa da kulob ɗin cikin gari."

"Sun matsa masa. Akwai wani mai kwat da yake ta zarya gidanmu, har na haddace ƙarar motarsa. Shekaranjiya maigidan ya raka shi bakin ƙofa, ya ce masa kar ya sake dawowa."

"Ya gaya wa mutanensa ya ƙi?"

"Shi? Bai iya magana ba. Sai dai ka ga yana aiki, ka gane da kanka."

Sufeto ya sa aka kira Mai Ciyawa ƙofar ofis.

"Baba, jiya da yamma kana kwance a gida da ciwon baya. Burushin nan kuwa da safen nan aka yi aiki da shi. Me ka rufe a jikin turakan?"

Tsohon ya yi tsuru-tsuru. Sufeto bai matsa masa ba, ya ce ya je ya zauna.

Mai kwat ɗin bai yi wuyar samu ba. Da ya ji labari shi ya kawo kansa, ya ajiye mota nesa da taron, yana ta latsa waya. Wakilin babban kulob ɗin ne, matashi mai ƙamshin turare da saurin baki.

"Abin takaici ne, Sufeto. Ga shi mun riga mun gama magana da shi, ya amince da haɗewar."

"Yaushe?"

"Shekaranjiya."

"Kafin ya kore ka daga gidansa, ko bayan nan?"

Wakilin ya daina latsa wayar.

"Ina kake jiya da faɗuwar rana?"

"Ina taro a ofishinmu, mutane da yawa sun gan ni, ka tambaya."

"Zan tambaya. Amma me ya sa ka ce ya amince?"

Ya yi 'yan kame-kame, ya gyara wuyan riga, sannan ya sauke murya.

"Dabarar aiki ce kawai. Jiya da rana na biya ta shagon askin unguwa, na faɗa cewa ya sa hannu. In magoya baya suka ji an gama, sai jikinsu ya mutu, shi ma ya sallama. Ba laifi ba ne a doka."

"Ba laifi ba ne," in ji Sufeto.

Jin haka sai wakilin ya samu baki.

"Ka duba wurin nan fisabilillahi. Wannan fili ne? Mu muna maganar fitilu da kujeru da 'yan kallo na talabijin, su suna nan suna riƙe da camfi. Mutanen da suka yarda wai in wani tsoho bai shafi turakan raga ba kafin ya shiga fili, to ba za a ci wasa ba."

"Wane tsoho?"

"Wancan dogon na kan benci. Hagu, dama, sama. Ko shara ya zo zubarwa sai ya yi. Ni da na fara gani na ɗauka taɓin hankali ne."

Sufeto ya waiwaya. Saje ya runtse ido, ya sunkuyar da kai.

"Na gode," Sufeto ya ce wa wakilin. "Kar ka yi nisa."

Rana ta take tsaka. Sufeto ya sa kurtu ya zagaya da Maganaɗisu ta waje zuwa ƙaramar ƙofa, shi kuma ya tsaya a cikin fili, gaban raga. Mutanen unguwa suka dare suka ba shi hanya.

"Malam, ƙaraso nan, ina son magana da kai."

Maganaɗisu ya sunkuya ya wuce ƙarƙashin igiya. Hanyar ɗaya ce, ta gefen turken hagu. Da ya zo daidai turken sai kafaɗarsa ta motsa, gwiwar hannunsa ta ɗago, kamar hannun zai fito da kansa. Ya danne shi a aljihu. Ya wuce turken, ya wuce ƙarƙashin sandar, ya zo ya tsaya gaban Sufeto.

A bakin ƙofa wani ya ja dogon numfashi. Wani dattijo ya cire hularsa ya rufe fuska da ita. Duk sun gani.

"Saje," in ji Sufeto, "ka taɓa ganin ya wuce bai taɓa ba?"

Saje ya girgiza kai.

"Tun ina kan wuyan babana nake kallonsa, yallaɓai. Ban taɓa gani ba."

"Malam, fito da hannunka."

Ya fito da su a hankali. Manyan hannuwa ne, yatsun duk sun karkace saboda tsohon targaɗe. An dirje su har sun yi ja, suna warin kananzir, amma a cikin tsagar fata da gefen farata farin yana nan.

"Jiya ka dawo," in ji Sufeto.

"Na dawo."

"Faɗa mini."

Ya yi magana a miƙe, ba hawa ba sauka, kamar mai ba da labarin wani.

"Ina kan kujerar aski aka ce ya sa hannu. Aka ce an sayar da mu, za a rushe nan a yi wurin ajiye motoci. Na tashi da rabin aski. Na je gida na zauna, zaman ya gagara. Da rana ta yi sanyi na taho. Na shigo ta nan, na taɓa kamar kullum, ban ma san na taɓa ba. Na ji danƙo a hannuna, ban kula ba. Na hango shi a saman matakala yana ɗaure tutar kulob. Na hau. Na ci kwalarsa."

"Me ya ce?"

"Ban bar shi ya ce komai ba. Ni na yi ta magana. Na ce masa maci amana. Na ce ubanninmu ne suka kwashe duwatsun filin nan da hannunsu. Ya buɗe baki, na girgiza shi. Ya ja da baya, ƙafarsa ta sami gutsuren nan. Na saki."

"Ka saki, ko ya suɓuce?"

"Na saki."

"Sannan?"

"Na sauko na duba, ya riga ya tafi. Na zauna kusa da shi har duhu ya fara. Sai na tafi gida."

Mai Ciyawa ya matso yana jan ƙafa, hawaye na bin tamojin fuskarsa.

"Ni na shafe, ranka ya daɗe. Da na ga tafin hannu a jikin turke na san na waye, duk unguwar nan wa zai kasa ganewa? Na ce mun rasa ɗaya, kar mu rasa biyu, kar mu rasa fili. Rigar ce ban iya taɓawa ba."

Maganaɗisu bai dube shi ba. Ya miƙa wa Saje hannuwansa.

"Sa mini ankwa. Na kashe abokina, ban musa ba. Amma shi ma ya kashe mu."

Sufeto ya dube shi. Yana iya barinsa da wannan, ya tafi kurkuku da ɗan abin riƙewa. Sai dai gobe a kotu zai ji, kuma Sufeto bai iya ɓoye abin da bincike ya nuna ba, ko mai daɗi ko marar daɗi.

"Fentin da ke hannunka, wa ya shafa shi a turke?"

"Mai Ciyawa mana. Aikinsa ne."

"Mai Ciyawa yana gida kwance jiya. Ciyaman ne ya hau kujera ya yi da kansa, raga biyu, shi kaɗai. Bai sa hannu a komai ba. Shekaranjiya ya kori mai kwat daga gidansa. Maganar shagon aski ƙarya ce, wanda ya ƙirƙire ta ga shi can jikin mota."

Dogon ya tsaya kamar bai ji ba.

"Da ka ji danƙo a hannunka," in ji Sufeto, "ba ka tambayi kanka ba? Wa ake yi wa kwalliya in an riga an sayar?"

Maganaɗisu ya juya tafin hannunsa yana kallo. Ya daɗe yana kallo. Bai yi kuka ba, bai yi salati ba, sai kawai ya zauna daɓas a kan farin layi.

Saje ne ya sa masa ankwa. Sai da ya gwada ya sake gwadawa kafin ta kama.

"Yallaɓai," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "tunda an gama, ko a cire igiyar? La'asar ta kusa."

"Masu ɗaukar hoto ba su zo ba. Turakan nan shaida ne, za a kankare saman fentin a ɗauki tafin hannun da ke ƙasa. Matakala ma haka. Ba yau ba."

"In kwamiti suka zo suka ga..."

"Na sani, Saje."

Ya so ya ji wani abu a ransa lokacin da ya faɗi haka, ko tausayi ko kunya. Ya laluba, bai sami komai ba sai gajiya.

Kwamitin bai makara ba. Farar mota ta tsaya a babbar ƙofa, mutum uku suka fito da katin aiki rataye a wuya. Suka dubi igiyar 'yan sanda, suka dubi kurtun da ke kankare turken raga da wuƙa, suka dubi taron. Babbansu ya tambayi wa ke shugabantar kulob ɗin. Aka gaya masa ya rasu. Ya yi ta'aziyya cikin ladabi, ya ce dokar gasa ba ta ba su damar duba filin da hukuma ta rufe ba, kuma jadawalinsu ya cika. Ba su ko taka ciyawar ba suka koma mota.

Matar Ciyaman ta fito daga ofis rungume da tsohuwar rigar fenti. Ta bi ta gaban Maganaɗisu, ta tsaya kaɗan ta dube shi. Sannan ta wuce.

Aka taso shi za a kai mota. Motar tana bayan ƙaramar ƙofa, dole sai ta gefen raga. Da suka zo daidai turken sai ya ja ya tsaya. Saje ya dubi Sufeto.

"Shaida ce," in ji Sufeto. "Kar ya taɓa."

Maganaɗisu ya gyaɗa kai, ya sauke hannuwansa da ankwar, ya wuce. A saman matakala tutar kulob tana lilo da igiya ɗaya, ɗayan gefen ba a gama ɗaurewa ba.

A hanyar komawa Saje ke tuƙi, suka wuce masaƙa. Can ya share fuska da bayan hannu.

"Ranar Asabar ya kamata mu buga wasan farko a gida," ya ce.

"To ranar Asabar kana bakin aiki ke nan," in ji Sufeto, yana kallon titi.

"Ina bakin aiki, yallaɓai."